Abin da aka tattara kan karatun jami'a ta intanet

'Yan'uwa na Nima, Madina da Sabon Zango, hirar da muka yi kan yadda za a ji da karatun jami'a ta intanet ta yi tsawo. Ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda karatun nan ba hutu ba ne. Babu malamin da zai bi ka, kuma in lokacin miƙa aiki ya wuce, shafin kan rufe. Masu karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon sun ce a riƙa leƙa Sakai, wato shafin da jami'ar ke ɗora darussa, kullum, kada a dogara da WhatsApp na 'yan aji kaɗai.

2. Data da wuta. Nan aka fi daɗewa, ni ma shi ya fi damuna. A ajiye layi biyu, MTN da Telecel. A sauke darasi tun da akwai wuta, kafin dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya zo. Kada a bar tura aiki sai daren ƙarshe.

3. An rabu kan na'ura. Wasu sun ce waya ta isa sauraron lacca, masu rinjaye suka ce dogon rubutu sai da kwamfuta, ko ta aro ce.

4. Hayaniyar gidan haya: yawanci sun zaɓi yin karatu bayan sallar asuba. Iyaye mata sun ce nasu lokacin sai yara sun yi barci.

5. A tambayi inda za a zauna jarrabawa tun kafin biyan kuɗin makaranta.