Man kalendula: zan iya shafa wa jaririya da ƙafar Hajiya?

Maman 'Yan Biyu, Jekadafari, Gombe:
Salamu alaikum. Ƙanwar maigidana ta kawo mana wani man shafawa daga Abuja, an rubuta Calendula a jikin kwalbar, da hoton fure ruwan lemo. Wai maganin duk wani ciwon fata ne. To, Hassana wata takwas, famfas ya ci mata matsematsi har ya yi jajir, in ana mata tsarki sai ihu. Ga kuma Hajiya surukata mai ciwon suga, faso ya tsaga mata diddige tun shigowar hunturu, yanzu wurin ya fara ruwa. In shafa musu? Maƙwabciyata ma ta ce furen nan ruwan ɗorawa da ke ƙofar gidanmu shi ne, in tafasa wa Hajiya ta sha.

Mai Fulawa, Tumfure:
Wa alaikumus salam. Maman 'Yan Biyu, kada ki tafasa. Wanda muke sayarwa ana dasawa a ƙofar gida Tagetes ne, asalinsa daga Meziko. Murje ganyen ki shinshina, za ki ji wari mai ƙarfi, kuma ganyen a yayyage yake. Kalendula ta kudancin Turai ce, ganyenta dogo ne bai rarrabu ba, kuma sanyi take so. Danginsu ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne.

Anti Nas, Bolari:
Maman 'Yan Biyu, bar maganar man tukuna, ƙafar Hajiya ce ta tayar min da hankali. Mai suga sau da yawa jijiyoyin ƙafarsa sun yi sanyi, ciwo na cin ciki shi bai ji ba, jinin ma ba ya isa wurin sosai. Tsagar da ta fara ruwa ta wuce shafe-shafe. Gobe da safe a kai ta asibiti, a wanke, a auna suga. In kin ga kumburi, wari, zazzaɓi ko baƙi a gefen ciwon, yau ɗin nan za ku tafi. Mun ga yatsun da aka rasa saboda "bari mu gwada wannan man mako ɗaya".

Kalendula kuwa ba ƙarya ba ce, amma aikinta ƙarami ne. Hukumar magunguna ta Turai ta yarda a shafa ta a ɗan ƙurjewa da ɗan jan fata, kuma ba ta ba da shawarar shafa wa yaro ƙasa da shekara 6 ba. Saboda haka Hassana ma a ajiye shi. Nemi man zinc oxide a kemis, ki riƙa canza famfas da wuri. Idan kwana uku babu sauƙi, ko ƙananan ƙuraje sun fito a gefe, wata ƙila fungas ne, maganinsa daban.

Ɗan Kemis, Pantami:
Ƙari kan na Anti. A 2004 an gwada man kalendula a Faransa kan mata 254 masu kansar mama da ake yi wa gashin na'ura a asibiti (radiotherapy): kashi 41 cikin ɗari na masu shafa kalendula fatarsu ta ƙone sosai, masu shafa wani man daban da aka kwatanta da shi kuwa kashi 63. Amma gwajin da aka yi a Suwidin daga baya bai ga bambanci da man shafawa na yau da kullum ba. Wasu kuma yana sa musu ƙaiƙayi, sai a fara ɗiga kaɗan a hannu a kwana. Mai ciki kada ta sha. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Goggon Yara, Herwagana:
'Yar nan, cire mata famfas ɗin da rana, ki shimfiɗa zani ta sha iska. Mu da haka da man kaɗe muka raini namu.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai. Maigida ya ce da asuba zai kai Hajiya, ita ce dai ke ta faɗa wai ɗan faso ne kawai. Anti, kafin goben in ɗaure mata wurin ko in bar shi a buɗe?

Anti Nas:
Wanke da ruwa mai tsabta, ki rufe da bandeji busasshe. Kada ta taka ƙasa babu takalmi, ko zuwa alwala.