Madubin saiti na farautar barewa: wanne zan saya?

Baban Hanif: Assalamu alaikum. Ina da bindiga .308 da lasisin farautar barewa a arewacin jihar Minesota ta Amurka, lokacin kuma farkon Nuwamba ne. Mai shago yana ta tallata mini madubi 6-24x50. Waɗanda suka san harkar, ku ba ni shawara.

Sarkin Baka: Wa alaikumus salam. Kada ka saya. Wannan na masu harbin allo ne a fili. Dajin arewacin Minesota a cunkushe yake, yawancin harbi bai wuce yadi 100 ba. A 6-24x50, lambar farko ita ce ƙaramin girmamawa, ta biyu babban girmamawa, ta ƙarshe faɗin gilashin gaba a milimita, kuma ta farkon ta fi muhimmanci. A kan 3x kana ganin faɗin kusan ƙafa 33 a nisan yadi 100. A kan 6x rabin haka ne. Barewa ta ɓullo a yadi 30 tana tafiya, sai ka ga gashi kawai ba ka san ko kafaɗa ce ko cinya ba. Nemi 3-9x40 ko 2-7x33, ka bar shi a ƙaramar lamba kullum. Idan dabba tana nesa kana da lokacin murzawa, idan tana kusa ba ka da shi.

Injiniya: Ƙari kan maganar Sarki, batun haske. Doka a can ta ba da damar harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma a lokutan nan barewa ta fi fitowa. Raba faɗin gilashin gaba da lambar girmamawa, za ka samu faɗin hasken da ke isa idonka. 40 a raba da 9 milimita 4.4 ne, a raba da 6 kuma 6.7. Ƙwayar idon babba a duhu-duhu tana buɗewa milimita 5 zuwa 7, tana raguwa da shekaru. Shi ya sa da magariba rage girmamawa ke ƙara haske. Gilashi mai 50 yana tilasta dogayen zobban ɗaure madubi a kan bindiga, kuncinka ya tashi daga gindin bindiga, saiti ya riƙa yawo.

Ɗan Garwa: Malam, duba tazarar ido, wato nisan da ke tsakanin idonka da madubin, kafin komai. Ga .308 kada ta gaza inci 3.5. Idan ta gaza, shurin bindiga zai kawo bakin madubin ya tsaga maka gira, musamman in kana harbi sama-sama ko a kwance. Tazarar tana raguwa idan ka ƙara girmamawa, don haka a babbar lamba za ka gwada. Kuma ka ɗaura shi sanye da rigar sanyin da za ka fita da ita, kaurinta yana ture kafaɗa baya.

Injiniya: Sau da yawa madubin da ake cewa ya lalace, ɗauri ne ya lalace. Bututun inci 1 ne ko milimita 30, zobba su dace da shi. Notin zobba yawanci inch-pound (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 18 ake ɗaurewa, amma bi abin da ke takardar kamfanin. Ka wuce haka ka matse bututun, abin juyawar ciki ya cije. Ka sassauta kuma, madubin ya riƙa zamewa gaba da kowane harbi. Ɗaure notin bi da bi, tsagar gefen hagu da ta dama su zo daidai.

Baban Hanif: Na gode. Saitawa fa?

Sarkin Baka: Fara a yadi 25 don harsashi ya hau takarda, sannan ka koma 100. Harba uku, auna daga tsakiyar rukunin, ba daga rami ɗaya ba. Idan an rubuta 1/4 MOA (ma'aunin gyaran saiti) a murfin abin murza saiti, ƙas huɗu na murzawa suna matsar da harsashi kusan inci 1 a yadi 100. A yadi 25 sai ƙas 16. Nan mutane ke ruɗewa. Bari bututun bindiga ya huce tsakanin rukuni, kuma da irin harsashin da za ka yi farauta da shi za ka saita. Sauya nauyin harsashi daga giren 150 zuwa 180 yana sauya inda zai sauka.

Ɗan Garwa: A tabbata an cika madubin da iskar naitirojin ko argon, in ba haka ba gumi zai taru a ciki. Kamfanonin madubi Leupold da Vortex suna ba da garantin har abada, wannan ya sa na hannu ma ba laifi. Gumin waje kuwa daga numfashinka yake zuwa, ko daga shigar da bindiga mai sanyi cikin mota mai ɗumi. Sa murfi mai ɓalli a gaba da baya, kuma kada ka goge gilashi da bakin riga. Hure ƙurar da buroshi mai laushi tukuna, ita ke karce rufin gilashin.