Esi na hurowa amma sanyi ya ragu: me aka gano a taku motar?

Mai Shuɗiyar Mota: Assalamu alaikum 'yan uwa. Esin motata ya zame min ƙarfen ƙafa. Bai mutu ba, yana hurowa, amma sanyin sai a hankali. Idan ina gudu a babban titi da dama-dama, da zarar na shiga cunkoso sai iskar ta koma ɗumi kamar numfashin mutum. Sau biyu ana ƙara min gas cikin wata huɗu, ban ga canji ba. Kafin in sake kai ta wajen wanda zai ce "gas ne", ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗi abin da aka gano a tasa.

Direban Dare: Wa alaikumussalam. Malam, kamar labarina kake bayarwa. Tawa fankar kondensa ce. Kondensa ita ce wadda take gaban lagireto, can gas yake sauke zafin da ya kwaso daga cikin mota. Idan kana gudu, iskar hanya ke ratsa ta, ko babu fanka za ta huce. Idan ka tsaya kuwa, sai abin da fanka ta yi. Gwajin ba ya buƙatar kowa: tayar da mota, kunna esi, buɗe bonet ka duba ko fankar na juyawa. Da ido fa, kada ka kai hannu, domin takan tashi ba sallama. Ni da na duba nawa tana tsaye cik. Ashe rile ne ya ƙone, ɗan abu kamar akwatin ashana da ke ba fankar wuta. Wata uku ina shan gumi a kansa.

Maman Biyu: Tawa ta sha bamban. Idan na kara hannu a bakin ramin iska akwai sanyi sosai, amma iskar ba ƙarfi, ko na murɗa zuwa lamba ta ƙarshe sai ƙara kawai. Ƙanena ne ya zaro matatar iskar cikin mota daga bayan akwatin da ke gaban fasinja. Wallahi kunya ta kama ni: ƙura ta daskare, ga busassun ganye, har da gashin tsuntsu. Shekara huɗu ina tuƙa motar ban san da wanzuwarta ba. Aka sa sabuwa, shi ke nan.

Tsohon Bakanike: Ɗan'uwa mai tambaya, maganar "sau biyu ana ƙara min gas" ita ta tsaya min a rai. Gas ɗin esi ba fetur ba ne da ake ƙonewa. Zagayawa yake yi a rufaffen bututu: kwamfireso ya matsa shi, kondensa ta huce shi, ya bi ta ƙaramin bawul ya shiga ibafureta da ke bayan dashbod, can sanyi yake fitowa, sannan ya dawo. Idan ya ragu, to wani wuri na yoyo. Idan kuma bai ragu ba aka ƙara, an cika shi fiye da ƙima, matsi ya hau, sanyi ya ƙara raguwa. Na sha karɓar mota da aka ɗura mata gas sau uku alhali ba shi ne ciwonta ba.

Abin da nake fara yi kafin in taɓa geji, wato ma'aunin matsin gas, taɓa bututu ne. Esi na aiki, mai kaurin ya kamata ya yi sanyi har ya yi raɓa, siririn da ya fito daga kwamfireso kuma ya yi zafi. Idan duk biyun ɗumi ɗaya suke, ko dai kwamfireso ba ya kamawa, ko gas ya yi ƙasa ƙwarai. Sai in bi mahaɗai ina neman maiƙo, domin gas yana tafiya tare da man kwamfireso, inda yake fita sai ka ga ƙura ta manne a jiƙe. Ruwan sabulu yana nuna kumfa a wurin. Idan yoyon ya ɓuya, akwai rinin da ake zubawa a haska da fitila ta musamman.

A geji, motar da ke amfani da gas irin R134a takan nuna kimanin 25 zuwa 45 psi (awon matsi ke nan) a ɓangaren ƙaramin matsi, 150 zuwa 250 a na babban matsi, gwargwadon zafin rana. Amma geji ba ya faɗin adadin gas. Wannan aikin sikeli ne. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet, an rubuta irin gas ɗin da giram nawa motar take ɗauka. A duba ta, don sababbin motoci da yawa R1234yf suke sha, kuma ba a gauraya su. Duk wanda ya zo maka da gwangwani kawai, ba sikeli, ba injin zuƙe iska, kintace yake yi.

Sarkin Tafiya: Baba, a yi min afuwa, amma ni nawa gas ne tsurarsa. An ƙara, sanyi ya dawo, yau shekara biyu ke nan. Kada a tsorata mutane.

Tsohon Bakanike: Ban musa maka ba. Shekarar motar nawa kafin a ƙara?

Sarkin Tafiya: Ta haura goma, ba a taɓa buɗe esin ba.

Tsohon Bakanike: To ka gani. Tiyon roba da zoben mahaɗi suna sakin kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Sau ɗaya a shekara goma daban, sau biyu a wata huɗu daban.

Hajiya Mai Nisa: Ni nawa sai a doguwar tafiya yake nuna hali. Awa ta farko sanyi har sai na rage. Daga nan iskar ta riƙa raguwa, har ta kusa ɗaukewa. In na kashe esi na bar fanka kawai na minti goma, sai ruwa ya yi ta zuba ƙarƙashin mota, komai ya dawo daidai. Duk bakaniken da na kai wa sai ya kunna ya ce lafiya lau, don a gabansa ba ta yi. Daga ƙarshe wani ya saurare ni har na gama bayani, ya ce ƙanƙara ce ke toshe ibafureta. Na'urar da ke auna sanyinta ce ta lalace, kwamfireso ba ya hutawa. Shawarata, ka lura da lokacin da abin yake faruwa ka faɗa musu dalla-dalla.

Ɗan Gajere: A ƙara da kulocin kwamfireso, wato faifan da ke kama fule (ƙafar da bel ke juyawa) don kwamfireso ya yi aiki. Nawa da safe yana kamawa, in inji ya yi zafi sai ya saki ya ƙi komawa. Tazarar da ke tsakanin faifan da fule ce ta yi yawa saboda cinyewa. Aka cire siririn zoben ƙarfe (washa) guda ɗaya, ya dawo yana "ƙas" yadda ya saba. Saura kaɗan in sayi sabon kwamfireso a banza.

Mai Shuɗiyar Mota: Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Direban Dare, ka canka. Fankar tana juyawa amma a kasalance, injin fankar ya gaji, aka sauya. Kondensa kuma ta cushe da ƙura da ƙwari, aka wanke ta da ruwa a hankali don kada haƙarƙarinta su lanƙwashe. Baba, na nemi mai sikeli kamar yadda ka ce. Takardar bonet ta ce giram 500, abin da aka zuƙo ya kusa 700. An yi rabin awa ana zuƙe iska, allurar geji ba ta motsa ba bayan an rufe, wato babu yoyo tun farko. Jiya a tsakiyar cunkoso na saka ma'aunin zafi a ramin iska, ya tsaya a digiri 8.

Maman Biyu, matatar ce ta rage. Na sauke akwatin gaban fasinja ban ga komai ba. Akwai wani murfi a bayansa ne, ko tawa a wani wurin take?