Ku ba ni shawara: in shiga gasar nan ko in ci gaba da kaɗa gurmina a ɗaki?

Tela Mai Gurmi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan barcina rabi da rabi. Ni tela ne a Kano, amma tun ina ɗan shekara 11 nake kaɗa gurmi. Wajen kawuna na koya a ƙauye. Shi ba maroƙi ba ne, manomi ne, sai an gama girbi yake zama gindin darbejiya bayan isha'i ya kaɗa, wanda ya ga dama ya zo ya zauna. Gurmin da ke hannuna nasa ne. Ƙoƙon ya tsage ta gefe tun yana raye, ya liƙe da ƙaro, har yau haka yake, fata kawai na sake sau biyu. Da damina sai na kanga ta a bakin garwashi kafin ta yi sauti. Ranar da zai ba ni, ce min ya yi kar in kaɗa shi a inda ba a saurare.

To akwai abokina da muka taso tare, shi ya koma situdiyo a Zoo Road yana waƙar biki, yanzu har da mota. Abin da ya shiga tsakaninmu ba na nan ba ne. Wani situdiyo ya sa gasa, wanda ya ci za a buga masa waƙa biyar da bidiyo kyauta. Sharaɗin: a hau kiɗan fiyano, kar waƙa ta wuce minti uku, kuma ana duba wanda aka fi hawa waƙarsa a TikTok. Ni waƙata mafi gajarta minti tara ce. Abokin nan yana cikin alƙalai. Mai ɗakina cikinta wata bakwai. Juma'a ake rufe rajista. Ya zan yi?

Alhaji Furodusa: Ƙanena, shekara 18 ina harkar nan, saurare ni. Wa ya gaya maka an taɓa waƙa a ƙasar Hausa don iska ta ji? Narambaɗa makaɗin fada ne, Sarkin Gobir na Isa yake wa waƙa, kuma sarki ke ɗauke da shi. Shata har ya rasu a 1999 attajirai da sarakuna yake wa, ana ba shi motoci. Ɗan Maraya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ci abinci har 2015 da Allah ya karɓi abinsa. Gasa kuwa tsohuwa ce, makaɗan fada habaici suke wa juna. Ubangida ne kawai ya canza: da sarki, yanzu ango da ɗan siyasa da waya. Ka yanke waƙar nan, ka ɗauki amshin da ya fi daɗi ka sa a farko. In daƙiƙa goma ta wuce ba ka kama mutum ba, ya shafa waya ya wuce.

Maman Ilham: Ni dai kar a yi min maganar mawaƙan biki. Bara da za mu aurar da Ilham na ba wani dubu 60 ya yi mana waƙa. Ranar kamu aka saka, a baiti na uku sai ga sunan wani ango da ba mu sani ba. Ashe tsohuwar waƙa ce ya canza sunaye ya manta ɗaya. Dangin miji har yau suna tsokanarmu da ita. Na kira shi ya ce kuskuren injiniya ne.

Tela Mai Gurmi: Alhaji na gode, amma waƙar ba ta yankuwa. Labari ce, ta manomin da ya sayar da gonarsa ya zo birni. In na cire tsakiya me ya rage? Kuma gurmi ba ya zama a kan kiɗan kwamfuta, ni ina ja ina saki ne yadda maganar ta zo.

Alhaji Furodusa: Wannan ba fasaha ba ce, rashin sabo ne. Sati ɗaya a situdiyo ka gyaru. Na ga irinku da yawa, suna nan suna jiran a gano su, furfura ta fito.

Ɗan Kwamfuta: Ban yarda da Alhaji ba. Doguwar waƙa tana da gidanta. YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin su fara biyan kuɗin talla, ka ga mai minti tara ya fi saurin tara awanni. Ka jingina waya a kan keken ɗinkinka ka ɗauka. Ba ruwanka da alƙali.

Alhaji Furodusa: Ka taɓa karɓar sisi daga can? Ranar da ya saka, washegari masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre sun sauke suna zuba wa mutane a memori, shi ko kwabo.

Baban Nana, Maradi: Ɗan uwa, gasa ba duka ce mugun abu ba. Mu nan Nijar akwai gasar Ɗan Gurmu da ake yi a garin Tawa, mawaƙa da yawa nan aka fara jin su. Abin dubawa wa ke hukunci, kuma me ake aunawa. Ni abin da ya dame ni, ɗana na saya wa jita da kuɗin awakina biyu, yau wata shida tana rataye, ya ce shi rawa ce ke kawo mabiya.

Malam Na Bakin Kasuwa: Allah ya ba ka sana'a ta halal a hannu, ga iyali na ƙaruwa. Ka riƙe allurarka, ka bar kiɗa gaba ɗaya. Shawarata ke nan.

Anti Larai: Ƙanena, kowa na ta magana an bar gaɓar. Ita mai ɗakin me ta ce? Kuma waƙa biyar ɗin da za a buga, ta wa za ta zama, taka ko ta situdiyo? An ba ka takarda?

Tela Mai Gurmi: Malam, ba zan iya bari ba, amanar kawuna ce. Anti, ba a kai ga maganar takarda ba tukuna. Kuma ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, mutane ba ku gane ni ba. So nake a ji waƙar yadda take.

Maman Ilham: In ba kuɗi ba ne, me ya kawo maganar cikin wata bakwai da motar abokinka?

Alhaji Furodusa: Yauwa Hajiya, kin taɓa wurin. Kai dai turo min waƙar ta WhatsApp, in yanka maka ita ka ji da kunnenka. Ba zan karɓi komai ba yanzu.

Anti Larai: "Yanzu" fa ya ce. Kuma ba ka amsa min maganar matarka ba, balle abin da ya haɗa ka da abokin.

Tela Mai Gurmi: Zan yi tunani. Ɗinkin biki ya taru min, sai dare zan leƙo. Wai akwai wanda ya san mai gyaran ƙoƙon gurmi a cikin Kano? Tsagewar ta ƙaru.