Yaushe kuka fara riƙe biret da hannunku?

Uwar 'Yan Biyu, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma likita take son zama. Jiya da daddare ina duba littafinta na kemistiri sai na ga ta zana biret (doguwar kwalba siririya mai famfo a ƙasa, ta ɗiga ruwan sinadari) da fifet (bututun gilashi na zuƙo ruwa daidai awo) tsaf, har da lambobin jikinsu. Na tambaye ta yadda ake buɗe famfon biret ɗin, ta ce ai ba ta taɓa riƙe shi ba, daga allo suka kwafa. Ɗakin gwajin makarantarsu a kulle yake, wai sai sun shiga aji uku. Hankalina ya tashi, don na san WAEC da NECO duk suna da takardar firaktikal a kemistiri da fiziks da bayoloji. Ku da kuka bi ta nan, yaushe kuka fara taɓa kayan, kuma yaya kuka ƙare?

Tsohon ɗalibi daga Gusau

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni saura kwana tara jarrabawa aka fara buɗe mana lab, wato ɗakin gwaji. Mu kusan saba'in, biret guda shida. Malam ya nuna sau ɗaya, mu na baya ko kalar ruwan ba mu hango ba. Ranar jarrabawa na zo zuƙar ruwan sinadarin soda da fifet da baki, ban san inda ake tsayawa ba, sai ga ruwan a bakina. Na tofar na kurkure, amma leɓena ya kwana biyu yana raɗaɗi. Abin da ya fi ci mini rai, na haddace cewa ruwan sodar da aka ɗiga wa sinadarin nuna kala zai tashi daga rawaya ya koma ruwan lemo idan asid ya isa, amma da na saki famfon sai asid ya zubo da yawa, ruwan ya zarce ya zama ja. Sau uku ina yi, lambobin da na samu ba su ko kusanci juna ba. Lissafin kuwa na iya shi kamar Fatiha. Hannu ne bai saba ba. Sai da na sake zama a shekara ta gaba kafin na samu kiredit. Kada ki yarda da zancen sai aji uku.

Malamin kemistiri, Zariya

Hajiya, shekara goma sha huɗu ina koyar da wannan darasi, kuma abin da ɗan uwa na Gusau ya faɗa shi ne ciwon. Taitireshan, wato ɗiga asid daga biret cikin ruwan soda har kala ta juya, aikin hannu ne da ido. Biret yana ɗaukar cm³ 50, fifet ɗin da aka fi amfani da shi 25. Yaro zai koyi riƙe famfo da hagu yana jujjuya kwalbar da dama, ya iya sakin asid ɗigo-ɗigo idan an kusa, ya sunkuya idonsa ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan kafin ya karanta. Ana so ya rubuta lamba biyu bayan ɗigo, kuma sakamakon da zai haɗa ya raba kada su bambanta da fiye da 0.20. Wanda bai maimaita sau goma ba, da wuya ya samu haka cikin firgicin jarrabawa.

Amma ki yi mana adalci mu malamai. Sau da yawa ba ƙeta ba ce ke sa a rufe ɗakin. Biret ɗaya ya fashe, babu kuɗin maye shi, sai shugaban makaranta ya ce a adana sauran don ranar jarrabawa. Sinadaran ma sai hukumar jarrabawa ta aiko da jerin abin da za a tanada ake fita saye. Ni abin da nake yi da 'yan aji ɗaya: in jiƙa zoɓo in tace, in zuba a kofuna uku. Na farko a matsa lemun tsami, ya ƙara ja. Na biyu a zuba ruwan kanwa, ya juye ya yi duhu yana ɗaukar kore. Na uku a bar shi don kwatance. Daga nan in ba su sirinji marar allura, mai lambobi a jiki, su riƙa ɗiga ruwan lemun cikin na kanwar suna ƙirga nawa ya shiga kafin kalar ta dawo. Ba zai ba da lamba ta jarrabawa ba, amma ido yana koyon jiran lokacin da kala ke juyawa. Wannan za ku iya yi a kicin ɗinki yau.

Injiniya, Dawakin Tofa 1994

Ni na yi sa'a, makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa na yi, wadda aka buɗe tare da ta Dawakin Kudu a 1977. Firaktikal yana cikin jadawalinmu kamar kowane darasi, kuma da littafinsa daban da malam ke sa wa hannu. Ranar jarrabawa ba mu ga wani baƙon abu ba. Da na shiga jami'a na haɗu da abokai masu kaifin ƙwaƙwalwa fiye da ni, amma hannunsu na rawa a lab, mu muka riƙa nuna musu.

Na fiziks kam, Hajiya, ba ya buƙatar kuɗi sosai. Ki samo zare, ki ɗaure ɗan ƙarfe mai nauyi, ki rataye a ƙusa. Idan tsawon zaren ya kai mita ɗaya, zuwa da dawowa ɗaya yana cin kusan daƙiƙa 2, wato ashirin za su ci kusan daƙiƙa 40. Ta auna da agogon waya, ta rage zaren zuwa santimita 80, 60, 40, ta cika jadawali, ta zana giraf. A wajen zana giraf ɗin nan ake zubar da maki, saboda zaɓen sikeli da rubuta ma'auni a gefen layi.

'Yar Damagaram

Sannunku. Mu a nan Nijar na yi terminal D, wato ajin ƙarshe na ɓangaren kimiyya, a lise (babbar sakandare). Yawancin gwaje-gwajen a allo muka gan su. Amma ba na manta ranar da malamin SVT (darasin kimiyyar halittu da ƙasa) ya zo da madubin ƙara girma guda ɗaya, ya ɓare fatar albasa siririya ya ɗiga mata aidin. Muka yi layi, kowa daƙiƙa kaɗan. Da na leƙa na ga ɗakuna jere kamar tubalin gini, kowane da ɗigonsa a ciki, sai na fahimci duk abin da nake haddacewa da Faransanci tun a koleji. Aikin jinya nake yi yanzu.

Anti mai koyar da bayoloji

Namu ɓangaren ya fi sauƙin tanadi. Fara, kyankyaso, ƙwayar wake da ta masara, ganyen mangwaro, duk ana iya ajiye su gaban yarinya ta zana. Ta yi da fensir mai tsini, ba a yi wa zane inuwa, layukan suna da rula ake ja kuma ba sa giftawa juna, a ƙasa ta rubuta sunan abin da ninkin girmansa. Ta ɗiga aidin a kan ɗan koko ta ga ya koma shuɗi mai duhu, ta san akwai sitaci. Sannan Hajiya, ki kai maganar taron iyaye da malamai. A makarantar da nake, iyaye ne suka haɗa kuɗi aka sayo biret goma, kuma da sharaɗin 'yan aji biyu za su riƙa shiga duk sati biyu.

Uwar 'Yan Biyu, Kano

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Malam na Zariya, mun gwada zoɓon bayan la'asar, har ƙannenta suka taru suna kallo, ita ce ta riƙa ɗiga lemun tana rubuta lambobi. Zaren ma na rataye a ƙofar ɗakinsu. Taron iyaye Asabar mai zuwa ne, na kira iyayen ƙawayenta uku za mu tashi da maganar tare. Anti, don Allah ki faɗa mini yadda kuka tsara ajiyar kayan da wanda ke riƙe mukullin, don na san nan za a fara kawo mana uzuri.