Wane suna za mu raɗa wa alƙalamin da ke shan tawada?

1/ Na dawo Sakkwato da tsarabar alƙalami guda daga wani baje kolin masu tara tsofaffin alƙaluma da na halarta a Landan. Zaure ne babba cike da tebura, kowane mutum ya shimfiɗa nasa a kan ƙyalle, ga masu gyara a gefe da gilashin ƙara gani suna wasa bakin alƙalami. Na ga Parker 51 da aka fara sayarwa a 1941, na ga Pelikan irin na 1929 wanda ake murza gindinsa ya zuƙi tawada. Kuɗina bai wuce na Parker guda mai ɗan tabo ba.

2/ Na kai wa kawuna a zaurensa da ke Gidadawa. Ya cire murfin, ya ɗaga bakin sama ya duba tsagar, ya ja layi a bayan wata takarda, sannan ya ce, "Ɗana, mi as sunan wanga da Hausa?" Na ce, "Kawu, Turawa dai fountain pen suke ce masa." Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Tun ranar abin ke cina.

3/ Alƙalami kawai bai wadatar ba. A nan in ka ce alƙalami, na gamba ake fara tunawa, wanda ake fiƙewa da aska a tsoma a kurtu, irin wanda ya rubuta takardun da ke ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Biro kuma wata halitta ce daban: ƙwallo ne a bakinsa, tawadarsa mai kauri, sunan ma na László Bíró ne, ɗan Hungary da ya yi masa rajista a 1938.

4/ Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a ce alƙalamin marmaro, wato fassarar fountain pen kai tsaye. Na gode masa, amma ban karɓa ba. Marmaro ɓulɓulowa yake yi, alhali duk wahalar da aka sha kan wannan alƙalami don a hana shi ɓulɓula ne. Tun ƙarni na 10 halifan Faɗimiyya al-Mu'izz ya nemi a ƙera masa alƙalamin da zai riƙe tawadarsa a ciki ba tare da ya ɓata hannu ko tufa ba, Alƙali Nu'uman ne ya rubuta labarin. Abin da Lewis Waterman ya yi wa rajista a Amurka a 1884 shi ne 'yan siraran hanyoyi a ƙarƙashin baki, tawada na sauka iska na hawa ta maye gurbinta, don kada ta kwararo gaba ɗaya. Sunan da ke nuna ambaliya ya ci amanar aikinsu.

5/ An kuma kawo alƙalami mai kurtu. Wannan ya burge ni, don da gaske kurtunsa na cikinsa. Sai dai duk wanda ya yi makarantar allo zai ji kamar ana nufin na gamba da kurtu a gefensa.

6/ Ga nawa: sha-tawada.
Haka Hausa take raɗa wa abu suna da aikinsa: dafa-duka, a-ci-balbal, shazumami. Na gamba lasar tawada yake yi, bayan 'yan kalmomi ya koma kurtu. Biro da cikinsa a cike yake zuwa, in ya ƙare a yar. Wannan kuwa ana kafa bakinsa a kwalba ya sha ya ƙoshi, ya yi kwanaki yana aiki, ya sake jin ƙishi. Duk wanda ya yi firamare da alƙalamin Hero ɗan Sin ya san yadda ake matsa 'yar robar nan a sake ta, a ji tana zuƙa, yatsu su yi shuɗi.

7/ Wata malama ta ja hankalina cewa takardar da ake dannawa kan ɗanyen rubutu ita ma shan tawada take yi. Gaskiyarki, Malama. Amma ita tsanewa take yi, ba ta mayar da abin da ta sha. A kira ta tsane-tawada, kowa ya riƙe sunansa.

8/ Da na koma wa kawu da sunan, ya maimaita shi sau biyu, ya ce ya zauna a baki. Shi ne ma ya ƙarasa sauran: ƙarfen rubutun baki ne kamar na gamba, abin da ke ƙarƙashinsa maƙogwaro, ma'ajiyar tawadar tumbi. Sai ya miƙa hannu zai tsoma shi a kurtun zugensa, na yi maza na riƙe. Tawadar allo akwai ƙaro da gawayi a cikinta, in ta bushe a maƙogwaron sha-tawada ta toshe shi ke nan. Na bar masa kwalbar tawadar Quink da na zo da ita.