Injin 504 zai ɗauki matsin 10:1 da man gidan mai?

Abba: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na sauke injin Peugeot 504 ɗin marigayi Baba, haɗin Kaduna, zan sa sababbin laina da fistin da ringi. Tunda an riga an buɗe ciki, so nake a yi wa tof silinda, wato kan inji, aski, a rage kaurinsa har matsi ya kai 10:1, wato fistin ya matse mai da iska ninki goma. Na ga Amurkawa masu tayar da tsofaffin motoci suna cewa 10:1 ba ya damun inji da fetur mai lamba 91 (lambar oktan, awon yadda fetur ke jure matsi), in dai kan alminiyom ne. Namu 91 aka ce, kan 504 kuwa alminiyom. Ni dai ban ga abin tsoro ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji. Ɗana, bar kan nan yadda ka same shi. In ya lanƙwashe a shafe shi kaɗan ya zauna daidai, shi ke nan.

Sadiq: Baba Sani, a yi min afuwa, amma Corolla ɗin da ta cika gari mai injin 1.8 ai 10:1 ce, kuma famfo ɗaya muke sha. Me ya sa ita ba ta kuka?

Injiniya Habu: Sadiq, Corolla tana da kunne. Akwai na'ura manne a jikin injin da ke sauraron ƙarar bugu, da ta ji sai kwamfuta ta ja wuta baya nan take. 504 kafireta ce da distilbuta, inda bakanike ya ɗaure taimin nan zai kwana, ko man kirki ka sha ko na banza. Abba kuma, 91 ɗin Amurka ba namu ba ne. Su lambar da suke liƙawa a famfo tsaka-tsakin awo biyu ce, RON da MON. Mu da Turai RON kaɗai muke faɗa. Nasu 91 ya kai kusan 95 a awonmu, namu 91 kuma shi ne 87 ɗinsu, mafi arha a gidan mansu. Ka koma ka duba ko akwai wanda ya ce maka 10:1 da kafireta a kan 87.

Abba: Kai! Wallahi ban san da wannan ba, Yaya.

Nura: Ni fa ban yarda da tsoratarwar nan ba. Tawa 504 ɗin an yi mata aski sosai shekara huɗu da suka wuce, matsinta ya fi 9:1 nesa ba kusa ba, ko tari ba ta taɓa yi ba. Kullum a bakin makanikai komai haɗari ne.

Malam Sani: Nura, a ina kake hawanta?

Nura: A Jos mana, Baba.

Injiniya Habu: To ai ka ba da amsa da kanka. Jos ta kai mita 1,200 sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba. Iskar Jos ba ta da nauyi, abin da silinda ke zuƙa kaɗan ne, ga sanyi. Kawo ta Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ka loda mutum biyar da buhun gero a but, ka taka ta a giya huɗu tana tafiya a hankali, sannan mu yi magana.

Nura: Na je Bauchi da ita ba sau ɗaya ba.

Malam Sani: Kana jin rediyo ko kana jin inji? Ƙarar nan ba ta da hayaniya, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara take, kuma sai an taka mota a hawa take fitowa. Ba irin bugawar da muke cewa inji ya buga don baƙin mai ya ƙare ba ce. Wannan fetur ne ke fashewa da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Akwai wani direban tasha da ya kawo min tasa, an yi wa kan aski sau uku saboda yawan tafasa. Ya ce tun daga Hawan Kibo take masa wannan kukan, shi kuma ya ƙara sautin kaset. Da muka buɗe, saman fistin na uku kamar gara ta ci, gefen da ringin farko ke zama ya ɓalle, gutsuren ya karce laina tun daga sama har ƙasa. Filogin ma farin bakinsa ya tsage. Fistin ɗin yana nan a gareji, goro nake ajiyewa a ciki.

Sadiq: To in ta fara kuka ba sai a ja taimin baya ba?

Injiniya Habu: Za ta yi shiru, amma ƙarfin da ka sayo da aski ka mayar da shi ke nan, ga bawul ɗin hayaƙi na gasuwa, ga lagireto na tafasa a cunkoso. Mu ma duba abin da ake wa wahalar. Injin nan 1971 cc ne, faɗin silinda milimita 88, tafiyar fistin 81, wato kowace silinda 493 cc. A 8.8:1 da littafi ke nunawa, ragowar wurin da ake matse mai ya kai 63 cc. Milimita ɗaya ta aski tana iya cin har kusan 6 cc, sai ka tashi 9.6. Kafin ka kai 10:1 sai ragowar ta sauka 55. Ribar duka ba ta wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ba. A injin da ƙarfinsa doki 90 da 'yan kai ne, doki uku ke nan. Ka gyara kafireta da kyau ma za ka samu haka.

Nura: Doki uku ma doki ne, Injiniya. Kuma shan mai yana raguwa.

Injiniya Habu: Gaskiya ne, a nan na ba ka. In da man 95 muke samu a ko'ina, da ni ma na ce ya je 9.5.

Hajiya Larai: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba bakanikiya ba ce, amma shekara goma sha biyu na yi da 504. Duk lissafinku na man gidan mai ne. Ranar da layi ya yi tsawo ya tsaya wurin 'yan bumburutu fa? Wa zai rantse masa ba a surka galan ɗin da kananzir ba?

Malam Sani: Allah ya saka, Hajiya. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, ita 504 sai wajen 2006 aka daina, kuma abin da ya sa ta yi wannan daɗewar shi ne ba ta zaɓen abinci. Abba, ka je kemis ka sayi sirinji, ka auna ko cc nawa ramin kan ke ɗauka. Ka kifa kan, bawul da filogi a ciki, ka shafa giris a gefe, ka ɗora gilashi mai ƙaramin huda, ka riƙa ɗura mai kana ƙirgawa har kumfa ta ƙare. Kuma kar ka kuskura ka juya karanshaf kan yana waje ba ka danne laina ba, za su ɗago, ruwa ya bi ta ƙasa ya gauraya da baƙin mai.

Abba: Baba Sani, na auna jiya da daddare, sau biyu kowace silinda. Na haɗa da kaurin gaskit da saman fistin yadda Yaya Habu ya nuna min. 58 cc nake samu.

Injiniya Habu: 493 da 58, a raba da 58. Kana kan 9.5 tun ba ka taɓa komai ba. Wani ya riga ka askin.

Nura: To kun gani! Shekara nawa Alhaji ya yi yana hawanta a haka?

Abba: Yanzu na tuna, Yaya Nura, in za mu hau gadar nan da rana Baba yakan koma giya uku tun kafin mota ta nema. Mun ɗauka tsufa ne.

Sadiq: A sa gaskit biyu mana, a huta.

Malam Sani: Kar in sake jin wannan. Gaskit ɗin ne ke danne bakin laina, biyu ba sa riƙewa. Abba, gobe bayan azahar ka zo mu shiga Ƙofar Ruwa neman kan da ba a ci fuskarsa ba. Ka taho da sirinjin da gilashin, a gaban mai kaya za mu auna.